Landan zuwa New York: awa 3 ne ko awa 12?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taya ni lissafi, kaina ya ɗaure. Hajiyarmu ta zo min wankan jego nan Landan, wata uku ke nan, yanzu Yayana da ke unguwar Bronx a New York ya kafe sai ta leƙa su kafin ta koma Kano. Na duba tikitin tsakiyar Janairu. Na tafiya an rubuta tashi daga filin jirgin Heathrow na Landan 11:10 na safe, sauka a filin jirgin JFK na New York 2:05 na rana. Na dawowa kuma tashi 7:30 na dare, sauka 7:25 na safe. Wato zuwa bai cika awa 3 ba, dawowa kusan awa 12? Ko dai na dawowar yana yada zango a wani wuri ne ba su rubuta ba? Hajiya na fama da gwiwa, ba na so in jefa ta a abin da ba za ta iya ba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya mana yarinya. Babu wani zango ƙanwata, agogo ne ya yi miki wasa. Duk lokacin da kika gani a tikiti, na garin da aka rubuta ne. Landan tana gaban New York da awa 5. Idan agogon JFK ya nuna 2:05, ke a ɗakinki 7:05 na dare ne. Daga 11:10 zuwa 7:05, awa 7 da minti 55. A na dawowa kuma sai ki cire biyar daga cikin sha biyun nan, ya rage awa 6 da minti 55.

Maman Ilham:
Kai! Allah ya saka da alheri Anti. Wallahi har na fara cewa Hajiya ai kamar Kano zuwa Kaduna ne a mota. To amma ko a hakan ma akwai bambancin awa guda cur. Ba hanya ɗaya ba ce?

Baban Gida:
Wannan ai abu ne mai sauƙi. Duniya ce ke juyawa. Jirgi yana sama, ƙasa tana tafiya a ƙarƙashinsa, shi ya sa wani ɓangaren ya fi wani sauri. Tun a sakandare aka koya mana.

Injiniya:
Baban Gida, ina gaisuwa. Ina duniyar take juyawa, gabas ko yamma?

Baban Gida:
Gabas mana. Shi ya sa rana ke fitowa daga can.

Injiniya:
Madalla. To ka ga ka kama kanka da kanka. Idan tana juyawa gabas, kai kuma ka tashi daga Landan ka nufi yamma, ashe New York ce ke rugowa ta tarye ka. Da maganarka gaskiya ce, tafiyar yamma ce za ta fi gajarta. Ga tikitin Maman Ilham nan, ita ce ta fi tsawo.

Abin da ake mantawa shi ne iskar da jirgi ke shawagi a cikinta ita ma tana juyawa tare da ƙasa. Ka taɓa shiga jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna? Ka cilla mukulli sama yana tsaka da gudu, a tafin hannunka zai faɗo, ba a kan mutumin da ke kujerar baya ba. A daidai Landan ƙasa tana juyawa da gudun da ya haura kilomita 1,000 a awa. Da iska ba ta bin ta, ko rufin kwano ɗaya ba zai kwana a garin ba.

Baban Gida:
To mene ne, tunda kai ne masani?

Ɗan Yawuri:
Ni ban san jirgin sama ba amma na san kwale-kwale. A kogin Kwara idan kana gangarawa da ruwa, ko ka ajiye filafili ka kama cin gyaɗa za ka isa. Dawowa ne ake sanin namiji. Ina jin wani abu ne mai kama da haka.

Injiniya:
Ɗan Yawuri ya gama magana, ni ƙarin bayani kawai zan yi. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda jiragen fasinja ke tafiya, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, daga wajen Amurka da Kanada ya nufo Turai. Ba ya tsayawa, sai dai ya yi ƙarfi ko ya yi laushi, ya karkata arewa ko kudu. Gudunsa yakan haura kilomita 150 a awa, a hunturu kuwa wani lokaci ya wuce 300.

Ga lissafin, amma misali ne nake bayarwa don a gane. Tsakanin Heathrow da JFK kimanin kilomita 5,550 ne, wato wajen mil 3,450. Nisan ba ya canzawa ko ta ina ka taso. Jirgi kuma yana keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. A ce iskar nan, idan an baje ta a tsawon tafiyar, 100 ce. Mai zuwa Landan tana tura shi ta baya, ya zama yana cin ƙasa 1,000 a awa: awa 5 da rabi da 'yan mintuna. Mai zuwa New York tana dukan sa a goshi, ya koma 800: kusan awa 7. Sai a ɗora lokacin hawa da na sauka da na layin jira a filin jirgi, ka samu abin da ke kan tikiti.

Wani abin da ke ba ni sha'awa: ribar da ka ci a zuwa ba ta biyan asarar da ka yi a dawowa. Ba iska, zuwa da dawowa awa 12 da minti 20 ne. Da iskar, ya kusa 12 da rabi. Dalili, ka fi daɗewa a ɓangaren da take cutar ka.

Baban Gida:
Na ji. To ita iskar me ya sa kullum gabas take yi? Me ya hana ta yi kudu?

Injiniya:
Yawwa, nan ne ka yi tambayar arziki. Iskar can ƙuryar arewa sanyi ƙarara ce, ta wajenmu kuma mai zafi. Bambancin nan ne ke sa iskar sama ta motsa daga ɓangaren zafi ta nufi arewa. Tana cikin tafiya, juyawar duniya sai ta karkatar da ita dama, ta koma tana yin gabas. Shi ya sa ta fi ƙarfi a hunturu, lokacin da tazarar sanyi da zafi ta fi yawa.

Baban Gida:
Allahu Akbar! Jama'a kun dai gani da idonku. Ya zagaya ya zagaya ya dawo kan juyawar duniya. Me na ce tun farko?

Injiniya:
Ka ce ƙasa ce ke gudu a ƙarƙashin jirgi. Wannan daban, wancan daban. Kamar mutum ne ya ce ruwan sama ne ya ƙoshar da shi, alhali tuwo ya ci. E, ba ruwa ba dawa, amma dai tuwon ne ya shiga ciki.

Baban Gida:
Ko ma dai yaya ne, sunan duniya ya fito a ciki.

Anti Nas:
Baban Gida ba a kayar da kai sai dai a bar ka. Ni abin da zan shaida shi ne Abuja zuwa Landan ba na ganin wannan bambancin. Awa 6 da ɗoriya zuwa, awa 6 da ɗoriya dawowa.

Injiniya:
Saboda ke kudu da arewa kike yi, Anti. Kina tsallaka kogin ne, ba bin sa kike yi ba, ba kuma gaba kike yi da shi ba.

Maman Ilham:
Wannan ya kwantar min da hankali. Tunda Hajiya ta iya Abuja zuwa nan, ashe awa ɗaya da rabi ne kawai ƙari. Amma wani abu kuma. Maigidana ya taɓa zuwa, ya ce a allon da ke bayan kujera ya ga jirgin ya yi baka, ya hau sama can wajen Greenland, ya gangaro ta Kanada. Shi ya ɗauka tsoron teku suke yi suna raɓe-raɓe kusa da tudu.

Ɗan Zongo na Bronx:
Haka kowa ke cewa. Ni ma farkon zuwana daga Accra na ɗauka matuƙin ya ɓata hanya ne. Namu ma ya fi naku wuya, awa 10 zuwa 11 kana zaune, ƙasa ruwa ne kawai.

Injiniya:
Taswirar ce ke yi mana ƙarya, ba jirgin ba. Duniya dunƙulalliya ce, allo kuma shimfiɗaɗɗe. Taswirar da aka saba mannawa a bangon aji, salon da Mercator ya fitar a 1569, tana buɗa arewa ta kumbura ta, shi ya sa Greenland ke fitowa kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Maman Ilham, ki samu kankana ko ƙwallon yara da zare. Ki sa ɗigo biyu, duka a rabin sama, ɗaya ya fi ɗaya hawa, kuma da tazara sosai a tsakaninsu. Ki ja zaren ya yi tsam. Za ki ga bai bi ta gefe ba, ya ɗan haura wajen kan kankanar. Wannan ita ce gajeriyar hanya. Daga Landan tana bi ta Ireland, ta shiga teku, ta fito ta Newfoundland a Kanada, ta gangara ta gaɓar Maine da Boston, sannan New York. Mu da muke kallon shimfiɗaɗɗen allo muke ganin baka.

Amma maigidanki bai yi kuskure duka ba. Masu zuwa yamma sukan ƙara haurawa arewa fiye da haka don su kauce wa kogin iskar, ko da hanyar ta ƙara tsawo. Masu zuwa gabas kuma neman sa suke yi su faɗa ciki. Shi ya sa kullum ake sake zana layukan. Cibiyar Gander a Kanada ce ke shata na masu tahowa Turai da dare, cibiyar da ake kira Shanwick, wadda masu kula da ita ke zaune a Prestwick ta Scotland, ita ke shata na masu zuwa Amurka da rana. Hanyar da Hajiya za ta bi ranar tafiyarta, yau ba wanda ya san ta daidai.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Ina ta karatu ban sa baki ba, amma maganar zaren nan ta taɓo ni. Shekarun baya wani ɗalibina da ke New York ya bugo min waya hankali a tashe, wai masallatan garin duk sun karkace, suna fuskantar arewa maso gabas. Ya ce ya duba taswira, Makka tana ƙasa da su, ya kamata a ce kudu maso gabas suke kallo. Ni kaina a lokacin ban iya ba shi amsa mai gamsarwa ba, na dai ce ya bi jama'a. Ashe wannan ne.

Injiniya:
Shi ne sak, Allah ya gafarta Malam. Alƙiblar New York tana wajen digiri 58 daga arewa, wato arewa maso gabas. Ta Landan wajen 119, kudu maso gabas. Ta Kano wajen 68. Duk zare ɗaya ne a kan kankana ɗaya.

Ɗan Zongo na Bronx:
Malam, har yanzu ana wannan rigimar a nan jefi-jefi. Baƙo ya zo daga gida, ka shimfiɗa masa darduma, ya tsaya yana kallon ka kamar ka sa shi ya juya wa gabas baya.

Maman Ilham:
Tunda Malam ya shigo, bari in yi tambayar da Hajiya ta fi damuwa da ita. Tafiyar ranar Alhamis ce, ita kuma ba ta sakin azumin Litinin da Alhamis. Na ce ta bari ta ce ai kwanakin nan rana gajeriya ce, kafin ƙarfe 4 da rabi an sha ruwa.

Anti Nas:
A Landan ke nan. Ki yi mata lissafi. A tsakiyar Janairu alfijir na ketowa nan wajen 6 da 'yan mintuna, rana ta faɗi wajen 4 da kwata, azumin awa 10. Amma ita ranar bin rana za ta yi. A New York sai wajen 5 saura rana za ta faɗi, wato kusan 10 na dare a agogon da ta yi sahur da shi. Ya doshi awa 16. Ga iskar cikin jirgi busasshiya, tana shanye ruwan jiki. Ga shekaru. Ga zama wuri ɗaya, wanda shi ne ke kawo daskarewar jini a ƙafa. Ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya ban ba da shawara ba sam.

Alaramma:
Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata na ce ko azumin Ramadan ne Allah ya yi wa matafiyi rangwame ya sha ya rama, yana nan a Baƙara. Balle na nafila. Idan kuma ta ƙi, to ta sani ba da agogon Landan za ta sha ruwa ba, sai rana ta faɗi a inda take.

Sallah kuwa, a tafiyar zuwa da sauƙi. Za ta tashi kafin Azahar ta shiga, ta sauka ƙarfe 2 lokacinta bai fita ba. Idan layi ya riƙe ta, matafiyi yana da damar haɗa Azahar da La'asar, ga kuma ƙasaru. Ta dawowa ce ke son kula. Ta yi Magariba da Isha'i a filin jirgi kafin ta shiga. Daren nan gajere ne, an yanke masa awa 5. Asuba za ta same ta a sama, idan ta ce sai ta sauka ta wuce jami'ai, rana ta fito. Ta riƙe alwala ko ta sabunta tun kafin a fara rabon karin kumallo, ta yi sallarta gwargwadon yadda ta samu iko.

Maman Ilham:
Na gode Malam, zan karanta mata da bakinka, ta fi jin maganarku a kan tamu.

Ɗan Birni:
Don Allah Hajiya ta wace hanya ta samu bizar Amurka? Ina da ƙani da ke nema.

Shugaban Zaure:
Ɗan Birni, a buɗe wa wannan nasa zaren daban. A nan lissafin awa ake yi.

Baban Gida:
Ni fa har yanzu akwai abin da ke ci min rai. Na karanta an ce wani jirgin fasinja ya yi New York zuwa Landan ƙasa da awa 5. Idan za a iya, me ya sa ake zaunar da mutane awa 7? Kamfanonin nan tsumulmular mai kawai suke yi.

Injiniya:
An yi, ba ƙarya ba ne. Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara. Boeing 747 na British Airways ya yi ta a awa 4 da minti 56. Wani na Virgin Atlantic ya biyo bayansa da bambancin minti ɗaya tak. Gudun na farkon a kan ƙasa ya kai kilomita 1,327 a awa. Amma ba matuƙin ne ya taka wuta ba, kogin iskar ne ya yi ambaliya a daren. Waɗanda suka nufi yamma a ranakun nan su suka biya kuɗin.

Baban Gida:
Dakata. Gudun sauti ba 1,235 ba ne? Ashe ya wuce sauti ke nan.

Injiniya:
Bai wuce ba. Koma wa kwale-kwalen Ɗan Yawuri. Wanda ke tsaye a gaɓa yana ganin kwale-kwalen na tsala gudu, amma wanda ke ciki idan ya sa hannu a ruwa, gudun da ya saba ji shi zai ji. Sauti a cikin iska yake tafiya, iskar kuma tana tafiya tare da jirgin. A wurin iskar, jirgin gudunsa na kullum yake yi.

Kan maganar mai kuma ba zan musa maka duka ba. Wani abin mamaki: ranar 4 ga Oktoban 1958, da aka fara jigilar fasinja a jirgin jet tsakanin biranen nan biyu, jirgin Comet na kamfanin BOAC na Birtaniya ya yi New York zuwa Landan a awa 6 da minti 12. Wanda ya nufi yamma a ranar sai da ya tsaya shan mai a Gander, iskar dai. Yau shekara sittin da ɗoriya, tikitin Maman Ilham na cewa 6 da 55. Ba a ƙara wani saurin kirki ba. Abin da aka ƙara shi ne yawan kujeru da rage shan mai, domin daga wannan gudun zuwa sama, kowane ɗan ƙari mai yake zuƙa ba kaɗan ba. Sannan lokacin da ke tikiti daga rufe ƙofa ne zuwa buɗe ƙofa, ba daga tashi zuwa sauka ba.

Ɗan Zongo na Bronx:
Wannan gaskiya ne. JFK da yamma jirage layi suke yi kamar motoci a gidan mai. Kana iya yin minti 30 ko 40 a ƙasa kana kallon wutsiyar na gabanku.

Dattijo:
Ku yara ba ku ga Concorde ba, jirgin fasinjan da gudunsa ya wuce na sauti. Ina karatu a Ingila a shekarun 1980, muna da aboki da ke zaune kusa da Heathrow. Idan zai tashi, kofin shayi sai ya yi rawa a kan tebur, magana kuwa sai dai a dakata. Siriri ne kamar allura, hanci a sunkuye. Fasinja 100 kacal. Yana tashi daga Landan 10 da rabi na safe, ya sauka New York wajen 9 da rabi na safiyar nan. Ka sauka kafin ka tashi! Awa 3 da rabi yake yi. A Fabrairun 1996 ma ya yi New York zuwa Landan a awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. Ban taɓa shiga ba, kuɗin kujera ɗaya ya fi abin da nake ci a zangon karatu.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Baba ashe awa ukun da na gani a tikiti an taɓa yin ta da gaske. Me ya kashe shi?

Dattijo:
Abubuwa ne suka taru, 'yata. Shan mai kamar rijiya ta ɓalle. Ƙarar da yake yi idan ya wuce sauti ta sa ba a bari ya yi wannan gudun a kan garuruwa, sai a kan teku. Sai hatsarin da ɗaya daga cikinsu ya yi kusa da Paris a Yulin 2000, mutum 113 suka rasu. Sai harin da aka kai wa Amurka a Satumban 2001 ya rage matafiya. A Oktoban 2003 aka ajiye shi.

Injiniya:
Kuma shi bai damu da kogin iskar ba sosai, Baba. Yana tafiya ne a wajen kilomita 18 sama, ya bar ta a ƙarƙashinsa. Zuwa da dawowarsa kusan ɗaya ne.

Uwar Biyu:
Ni duk ba wannan ba. Jirgi mai inji biyu a tsakiyar teku, ɗaya ya mutu, sai yaya? Ni tunanin da ke hana ni barci ke nan duk tafiyar.

Injiniya:
Yana tafiya da ɗayan, an ƙera shi a kan haka. Kuma akwai doka: ba a shata masa hanya sai wadda a kowane wuri yana iya kai wa wani filin sauka da inji ɗaya a cikin lokacin da aka ƙayyade masa. Ga Shannon a Ireland, ga Keflavik a Iceland, ga Goose Bay da Gander a Kanada. Gander ɗin nan ƙaramin gari ne mai mutum wajen 10,000, amma ranar 11 ga Satumban 2001 da Amurka ta rufe samaniyarta, jirage 38 suka sauka a can da mutum fiye da 6,500, mutanen garin suka ciyar da su kwanaki.

Uwar Biyu:
Na ji, amma dai zan ci gaba da jan carbina.

Ɗan Zongo na Bronx:
Maman Ilham, bar su Injiniya da sama, ni ta ƙasa zan gaya miki, tasi nake ja a garin nan shekara 14. Awa 8 ɗin nan ba ita ce tafiyar ba. Ki lissafa fita daga gida, awa 3 kafin tashi a Heathrow, sannan layin jami'an shige da fice a JFK, wanda wata rana minti 20 ne, wata rana awa 2 idan manyan jirage sun sauka a tare. Sai kaya. Sai hanya: JFK a Queens yake, zuwa Bronx idan babbar hanyar Van Wyck ta cushe, awa ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne. Daga ƙofarki zuwa ƙofar Yayanki ki sa awa 14 zuwa 15. Kada a saka kilishi ko dambun nama a jakarta, za su ƙwace, wani lokaci har da tara. Duk abin ci da ta ɗauko ta faɗa idan an tambaya.

Kuma ku kula da watan Maris. Amurka na tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu, Birtaniya sai Lahadin ƙarshe. A tsakanin nan bambancin awa 4 ne ba 5 ba. Na taɓa zuwa ɗaukar surukina na yi lissafi da biyar, na je na yi zaman awa guda a banza, mita na cin kuɗin fakin.

Anti Nas:
Ki nema mata keken turawa tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, kuma mai tura ta zai bi da ita ta layin jami'ai. Amma ki sake bugawa ki tabbatar ana jibi tafiya. Na taɓa nema wa mahaifiyata a wani kamfani, muka sauka babu keke babu mai keke, tsohuwa ta yi ta jan ƙafa a wannan dogon lungun tana hutawa a jikin bango. Kujerar gefen hanya za ki zaɓa mata ba ta taga ba, don ta riƙa miƙewa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Safar matse ƙafa tana taimakawa. Maganinta a jakar hannu, kuma ki tambayi likitanta yadda za ta matsar da lokacin sha.

Maman Ilham:
Jama'a na dawo da labari, yau kwana biyu da tafiyar. Hajiya ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Ta ajiye azumin, amma sai da na karanta mata saƙon Malam sau biyu. Na bi jirgin a waya tun daga tashi: ya haura sosai har ya kusa gefen Greenland, awa 7 da minti 38 a sama. Keke ya zo. Kilishin da ta ɓoye a cikin zani ban sani ba, ta faɗa musu da bakinta, suka karɓe, har yanzu tana mita.

Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ranar da ta ƙi matsawa. Ta yi barci ta farka hantsi, ta sake yi ta farka hantsi. Da suka isa gida Yaya ya shimfiɗa mata darduma, ta ce ba za ta yi sallah tana kallon arewa ba, sai da aka kira limamin unguwar a waya.

Baban Gida:
Barka da sauka. Injiniya, na sayi kankanar. Zaren ya haura sama kamar yadda ka ce, amma ina zargin kankanar ba ta yi zagaye sosai ba. Gobe zan gwada da ƙwallo.